Lasin tuƙin jirgin sama: hanyar da na bi daga Garwa, ofis bayan ofis

Tun da na dawo gida, tambaya biyu ce matasa suka fi tare ni da ita: nawa ake biya, kuma wace makaranta ce ta fi. Akwai abu biyu da ke gaban waɗannan, kuma rashin sanin su ne ke cinye kuɗin iyaye. Na farko, jirgin wace ƙasa kake son tuƙawa idan ka gama. Na biyu, ko jikinka zai ci gwajin likita. Zan faɗi yadda na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, har da inda na yi tuntuɓe, don wanda ke tafe a baya ya taka da saninsa, namiji ne ko mace, domin dokar ba ta bambanta su ba.

Tafiyata ta farko Yawunde ce. Na hau mota daga Garwa zuwa Ngawundare, na kwana a jirgin ƙasa, da safe na nufi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Kamaru, wato CCAA, sashen da ke ba ma'aikatan jirgi lasi. A can na fahimci ginshiƙin maganar. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta haifi OACI, ƙungiyar sufurin jiragen sama ta duniya mai hedikwata a Mantariyal, ta ce ƙasar da aka yi wa jirgi rajista ita ce za ta ba matuƙinsa lasi, ko ta amince da wanda ya zo da shi daga wata ƙasa. Jirgin da lambarsa ta fara da TJ na Kamaru ne, TT na Cadi, 5N na Najeriya, 5U na Nijar. Saboda haka lasin da ka samo a waje ba ya ba ka damar hawa kujerar jirgi mai TJ sai CCAA ta sa hannu, kuma in jirgin mai TT ne, sai ka bi ta hukumar ADAC a Njamena. Mafi ƙarancin sharuɗɗan suna cikin rataye na ɗaya na yarjejeniyar, kowace ƙasa kuma tana da ikon ƙarawa a kai. Ma'aikacin da ya saurare ni ya ce, "Malam, kafin ka biya ko sisi, kawo mini sunan makarantar da takardar amincewar da hukumar ƙasarsu ta ba ta." Shawarar da ta fi kowace amfani ke nan a duk tafiyar. Wani abin da ke ruɗa mutanenmu shi ne makarantar EAMAC ta Yamai, mallakar ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin ƙasashen Afirka da dama, har da Kamaru. Masu ba jirage umarni daga hasumiya, da masana yanayi, da injiniyoyin na'urori take horarwa. Wanda ke son tuƙi sai ya duba wani wuri, kamar Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964, ko Adis Ababa, ko Afirka ta Kudu, ko Turai. Ni Afirka ta Kudu na zaɓa.

Daga Yawunde na wuce Duwala don ganin likita. Ba kowane likita ne ke yin wannan gwaji ba, sai wanda hukumar ta amince da shi, kuma a ofishin lasi ake karɓar jerin sunayensu. Gwajin aji-aji ne. Aji na biyu ya ishi mai tuƙin nishaɗi, amma wanda zai ci abinci da tuƙi aji na ɗaya ake nema a wurinsa, don haka shi na nema tun farko, ko da yake matakin farko na karatu bai buƙace shi ba. Babu amfanin kashe miliyoyi sannan a gano ciwon da zai hana ka aiki. Na je da sassafe ban karya ba saboda gwajin jini, aka ɗauki fitsari, aka auna hawan jini, aka manna mini wayoyi a ƙirji don duba bugun zuciya. A gwajin ido, aji na ɗaya yana son kowane ido shi kaɗai ya kai 6/9, biyun a haɗe su kai 6/6, kuma an yarda a kai hakan da tabarau, muddin kana sanye da shi a jirgi kuma kana da na ajiya kusa. Inda aka fi faɗuwa ba zato shi ne littafin Ishihara, mai ɗigo-ɗigon launuka da lambobi a ɓoye. Mutum yana iya girma bai san ba ya rarrabe ja da kore ba, alhali fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama koriya, kuma fitilun da ke gefen titin sauka da ja da fari suke nuna maka ko ka yi sama da yawa ko ka yi ƙasa. A gwajin kunne, ana sa ka a ƙaramin ɗaki da abin saurare, kuma raunin ji bai kamata ya wuce desibel 35 a amo 500 da 1000 da 2000 ba, ko desibel 50 a amo 3000. Kada ka je kana mura, kada kuma ka sauka daga doguwar tafiya mai ƙara ka shiga kai tsaye, ka ba kunnenka kwana guda ya huta. Fargabar da na shiga da ita ta sikila ce, domin jinina AS ne. Likitan ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana, mai ɗauke da ƙwayar kawai yawanci yana wucewa, mai ciwon ne maganarsa daban." Kwana biyu na yi, na fito da takarda.

Sai haɗa dosiye, aikin da ya fi kama da na ɗan aike. An nemi kwafin takardar haihuwa wanda aka buga wa hatimi, da takardar bakaloriya, da fasfo, wanda kuɗinsa sefa 110,000 ne tun 2021, da katin allurar shawara, da kaziye, wato takardar shaidar ba ka da laifi a kotu. Kaziye wata uku kacal take aiki. Ni na karɓe ta da wuri don zumuɗi, kafin takardar gayyata ta iso daga makaranta ta mutu, sai da na sake komawa kotu na sake sayen tambur. A bar ta a ƙarshe. Takardun da ke cikin Faransanci kuma sai da tafinta mai rantsuwa ya mayar da su Turanci kafin ofishin jakadanci ya karɓa don bizar karatu. Maganar kuɗi kuwa, lissafinta a fili yake, domin da awa ake sayar da tuƙi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. In an ce maka awa ɗaya da malami yuro 200 ce, ka san sefa 131,000 ke nan da 'yan kai, awa 200 kuma ta haura miliyan 26, ba a sa masauki da abinci da kuɗin jarrabawa da na sauka a filaye ba. Tambayi makaranta a rubuce: farashin ya haɗa da mai da malami da haraji? Awa nawa aka lissafa, mafi ƙarancin da doka ta ce ko abin da ɗalibai ke yi a zahiri? Banki ma ba ya tura kuɗi waje da baki, tun da dokar canji ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta fara aiki a 2019 sai ka kai takardar kuɗin makaranta da ta shaidar an ɗauke ka, kuma turawar tana ɗaukar kwanaki. Kawuna, wanda ya ɗauki nauyin rabin karatun, ya so a biya duka a huta. Na roƙe shi mu biya kashi-kashi, kuma Allah ya taimake mu da muka yi haka, domin na ga ɗaliban wata makaranta da ta rufe da kuɗinsu a ciki.

Da na isa, abu na farko shi ne sake gwajin likita, domin hukumar can takardar likitocinta kawai take karɓa. Kuɗi biyu ne, amma na Duwala ya riga ya yi aikinsa, tunda da shi na san ba asara zan yi ba. Bayan an ba ni lasin ɗalibi sai karatun ƙasa: dokar sararin sama, sanin jirgi da injinsa, yadda fiffike ke ɗaukar nauyi, yanayi, neman hanya, tsara tafiya da lissafin nauyi, iyakar jikin ɗan Adam, da maganar rediyo. Da maki 75 cikin 100 ake ci. Lissafin bai fi na sakandare wuya ba, ma'aunai ne ke kayar da wanda ya taso da mita da kilo. Tsayi da ƙafa ake auna shi, nisa da mil na teku, wanda mita 1,852 ne, mai kuma wani lokaci da lita, wani lokaci da galan na Amurka mai lita 3.785, sannan a mayar da shi nauyi, lita ɗaya ta man ƙananan jirage kusan kilo 0.72. Agogo ma na duniya ne, Kamaru tana gabansa da awa ɗaya, Afirka ta Kudu da awa biyu. Wanda ya haɗa galan da lita a takarda maki zai rasa, wanda ya haɗa su a jirgi mai zai yanke masa a sama.

A ƙaramin jirgi Cessna 172 na fara. Makonnin farko miƙewa ne da juyawa da hawa da sauka, da koyon abin da za ka yi idan gudu ya ragu har fiffike ya daina ɗauka. Daga nan sai zagayen fili, ƙafa 1,000 sama da ƙasa, ka tashi ka kewayo ka sauka, sau shida ko bakwai a awa guda, har ranar da malami ya buɗe ƙofa ya fita ya ce in yi zagaye ɗaya ni kaɗai. Jirgin ya yi sauƙi ba tare da shi ba, ya ɗaga da wuri, kuma bakina bai bar addu'a ba har tayoyi suka taɓa ƙasa. Lasin farko, PPL, yana buƙatar shekara 17 da awa 40 a ƙa'idar OACI, Afirka ta Kudu kuma 45 take nema. A cikin 40 ɗin na OACI dole a sami aƙalla awa 10 kai kaɗai, 5 daga ciki na tafiya gari zuwa gari, har da tafiya guda mai kilomita 270 da sauka a filaye biyu daban. Kaɗan ne ke gamawa a mafi ƙarancin awoyin. Babban dalili shi ne yankewa. Sau ɗaya kuɗi ya makale mini a banki mako uku, da na dawo hannuna ya yi sanyi, sai da na maimaita darasi huɗu da na riga na biya. Tashi sau uku ko huɗu a mako ya fi arha a kan sau ɗaya, kuma a nemi layin safe, domin a daminar can, daga Oktoba zuwa Maris, hadari da rana yake haɗuwa.

Tsakanin PPL da lasin sana'a, CPL, akwai dogon zango na tara awoyi, kuma a nan ne ya kamata a buɗe ido. Ana son shekara 18 da awa 200, ko 150 ga wanda ya bi tsararren kwas da hukuma ta amince da shi. Sai dai jimillar ba ita kaɗai ake dubawa ba, kundin awoyinka gida-gida ne, kowane gida da adadinsa. Awa 100 dole ka yi su kana kwamandan jirgi, ko 70 a tsararren kwas, kuma awar da malami ke koya maka ba ta shiga wannan gida ko da kai ka riƙe sitiyari daga farko har ƙarshe. Awa 20 na tafiya gari zuwa gari kana kwamanda, awa 10 na koyon tuƙi da na'urori, awa 5 na dare da tashi biyar da sauka biyar. Ga dabarar da ba kowa ke faɗa maka ba: izinin tuƙi da na'urori, wanda da wuya kamfani ya ɗauke ka ba tare da shi ba, yana neman awa 50 na tafiya gari zuwa gari kana kwamanda. Wanda ya ƙone awoyinsa yana shawagi kusa da fili zai cika 100 ɗin, sannan ya tarar da gidan 50 a buɗe, ya sake biya. Saboda haka kusan duk awar da za ka tara, ka mayar da ita tafiya. Kuskurena ya faru a babbar tafiya ta kilomita 540, wadda doka ta ce a yi cikakkiyar sauka a filaye biyu daban. A fili na biyu rana ta yi nisa, sai na taɓa ƙasa na ƙara wuta na tashi ban tsaya ba, na rubuta hakan a kundi da gaskiya. Da babban malami ya zo duba kundin kafin jarrabawa, ya ɗora yatsa a layin ya ce wannan ba sauka ba ce a idon doka. Na sake tafiyar gaba ɗaya, kusan awa huɗu, daga aljihu. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, amma gara da aka gani a can, da a ce sai a Yawunde aka gano. Ka riƙa cika kundi a ranar da ka tashi, da biro, lokacin tashi kuma yana farawa daga sa'ar da jirgi ya motsa da niyyar tashi har ya tsaya cak a ƙarshe. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya ka sa hannu, kada ka goge.

Tuƙi da na'urori awa 40 ne, wani kaso a na'urar kwaikwayo a ƙasa, sauran a sama da wata hula da ke rufe maka waje. Darasinsa guda ne mai wuyar haɗiya: cikin gajimare kunnenka na ciki yana yi maka ƙarya, ka ji kamar a miƙe kake alhali jirgi ya karkata, don haka allon gabanka za ka gaskata. Na ƙara da izinin jirgi mai inji biyu, inda kusan duk horon na mutuwar inji ɗaya ne, sannan na yi jarrabawar CPL da mai jarrabawar da hukuma ta naɗa.

Turanci ya cancanci a tsaya a kansa, musamman ga mu da muka yi karatu da Faransanci. Tun Maris 2008 ake son matuƙin da ke ƙetare iyaka ya kai mataki na 4 cikin 6 a harshen rediyo. Abu shida ake aunawa: furuci, ginin jimla, yawan kalmomi, sakin baki, fahimta, da iya musayar magana, kuma mafi ƙanƙantar makinka shi ne sakamakonka. Haddace jimlolin rediyo ba ya isa, domin za a nuna maka hoto ko a kunna maka murya, a ce ka bayyana matsala da bakinka, kamar fasinja ya suma ko tsuntsu ya shiga inji. Mu Hausawa sai mun kula da P da F, don harshenmu ba ya raba su, rediyo kuwa yana rabawa. Mai mataki na 4 ana so ya sake gwaji bayan shekara uku, mai 5 bayan shida, mai 6 ya huta. A sararin da ASECNA ke kula da shi za ka ji Faransanci da Turanci a tasha guda, kuma wanda ya iya biyun yana gane inda sauran jirage suke fiye da mai harshe ɗaya.

Kafin in baro makaranta na sa an buga hatimi a shafin ƙarshe na kundina, na karɓi taƙaitaccen lissafin awoyi gida-gida da sa hannun babban malami, da takardar kammala kwas, da sakamakon kowace jarrabawa. Neman waɗannan daga Garwa ta waya wahala ce da za a iya kauce mata.

Ga wanda ya dawo Yawunde da lasin waje, hanya biyu ce. Akwai amincewa, inda hukuma ke ba ka takardar da za ka riƙe tare da lasinka na waje, kuma ba ta wuce ranar da na wajen zai mutu. Akwai kuma musanya, inda ake ba ka lasin Kamaru na kanka. Wanda zai zauna ya yi aiki a gida musanya ta fi masa, domin mai amincewa dole ya ci gaba da raya lasinsa na waje, da likitansu da jarrabawarsu. Na ajiye dosiye da takardar roƙo mai tambur, da kwafin lasi da na kundi da na fasfo, da hotuna, da rasidin biyan kuɗi. Daga nan sai jira, domin hukuma ba ta sa hannu sai ta rubuta wa takwararta da ta ba da lasin ta tabbatar da ingancinsa. Nawa ya ɗauki kusan mako shida, kuma na gano daga baya cewa da na nemi a aiko da tabbacin tun ina can, da jiran ya ragu. A cikin makonnin na sabunta gwajin likita a gida, na zauna na karanta dokokin Kamaru don jarrabawar doka. Kada ka raina ta don ka ci ta can, domin rabon sararin sama da wasu ƙa'idoji sun bambanta, kuma suna cikin littafin bayanan jirage na ASECNA. Hatsarin wannan zango shi ne takardu su mutu kana jira. Izinin na'urori yana da wa'adi, kuma ba a ɗaukar fasinja sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce. Don haka ka dawo da takardu sababbi, ka ajiye dosiye a makon da ka sauka.

Akwai abu biyu na arewa da makarantar waje ba ta nuna maka sosai. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana iya rage gani ƙasa da kilomita 5 da ake buƙata don tuƙi da ido, sama babu gajimare ko ɗaya amma ba ka ganin inda ƙasa ta haɗu da sama. A irin ranar nan wanda ba shi da izinin na'urori a ƙasa zai wuni. Na biyu zafi ne. Filin Garwa kusan ƙafa 800 yake sama da teku, amma a Afrilu, in zafi ya kai 42, iska tana yin sirara har jirgi ya ji kamar yana sama da ƙafa 4,000, domin kowane digiri ɗaya da ya haura ƙa'ida yana ƙara kusan ƙafa 120. Gudun tashi yana tsawo, hawa yana nauyi. Ngawundare kuwa ta riga ta haura ƙafa 3,600 tun kafin a sa zafi a lissafi. A buɗe jadawalin jirgi a lissafa kafin a ɗora kaya.

Ranar da na karɓi lasin na yi farin ciki, sannan na zauna na rubuta ranakun mutuwar kowace takarda a bangon kundina. Gwajin likita na aji na ɗaya wata 12 yake yi, yana komawa wata 6 ga wanda ya haura shekara 40 yana ɗaukar fasinja shi kaɗai, da kuma duk wanda ya kai 60. Kowane babban jirgi, ko Dash 8 ne ko Boeing 737, yana da nasa izinin daban da nasa horon, kuma kafin ka sa hannu da kamfani ka tambayi wanda zai biya shi da shekarun da za a ɗaure ka da su. Lasin ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin a babban jirgin fasinja, yana son shekara 21 da awa 1,500, a ciki da awa 200 na tafiya gari zuwa gari, 100 na dare, 75 na na'urori, kuma abin da aka yi a na'urar kwaikwayo ba ya wuce awa 100 a lissafin. Waɗannan ma gida-gida za a duba su, shi ya sa duk ƙarshen wata nake kai kundina wurin shugaban matuƙa ya duba ya sa hannu.